Yadda A Ke Mai Da Leda Ta Koma Mai

Jama'a, karatunmu na yau a kan leda ne da roba. Kowa ya san su. Mai ƙosai a leda ta ke zuba wa mai saye. Mai gishiri a leda ya ke ƙullawa. Ruwan sha ma a leda a ke sayar da shi a kasuwa da tasha. A zamanin iyayenmu da ƙwarya a ke zuwa kasuwa, da kwando, da zabira. In ƙwarya ta fashe a jefar da ita a juji, kafin a daɗe gara ta cinye ta, ta zama ƙasa. Leda kuwa gara ba ta cinta, ruwan sama ba ya ruɓar da ita. Rana ta kan tsattsage ta ƙanana ƙanana, amma tana nan cikin ƙasa shekaru masu yawa.

To, masu ilmi sun sami dabarar mai da leda ta zama man da a ke zuba wa inji. Za mu karanta yadda a ke yin wannan aiki, da amfaninsa, da haɗarinsa. Ku karanta har ƙarshe, domin wanda ya ji rabin labari ya fi wanda bai ji kome ba shiga wahala.

Ɓarnar Da Leda Ta Ke Yi

Ɓarna ta fari ga dabbobi ta ke. Akuya ta kan sami leda mai ƙanshin gishiri ko tuwo, sai ta haɗiye. Cikinta ba ya iya niƙa ta. Yau ɗaya, gobe ɗaya, har ta dunƙule a tumbi kamar igiya. Sai ka ga akuya tana ramewa, ba ta cin abinci, nononta ya ragu, mai ita yana ta neman magani. Ku tambayi mahautan garinku, za su gaya muku irin ledar da su ke fitarwa daga tumbin shanu da tumaki.

Ɓarna ta biyu ga gona ta ke. Manomi ya kan kwashe takin juji ya kai gona, leda ta bi shi. In ta yi yawa cikin ƙasa, ta kan hana ruwa sauka, ta tare saiwar shuka.

Ta uku, leda ta kan toshe kwata da lambatu. Ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai a ciki, zazzaɓi ya kama yara. In an yi ruwa mai ƙarfi, ya rasa hanya, sai ya shiga gidaje ya ci gindin katanga. Ƙasar Bangaladash ta hana ƙaramar leda a shekarar 2002, bayan an ga yadda ta toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya. A birnin Ankara na ƙasar Gana, ran 3 ga Yuni 2015, an yi ambaliya tare da gobara a wani gidan mai, mutum fiye da 150 suka rasu. Toshewar lambatu da shara tana cikin abin da ya tsananta ruwan.

Ta huɗu ita ce hayaƙi. Mutane su kan tara leda su cinna mata wuta. Waɗansu mata kuma da ita su ke hura wutar girki da damina, in itace ya jiƙe. Wannan baƙin hayaƙi yana da dafi. Yana sa tari, yana cutar da huhu, ya fi cutar da jarirai da tsofaffi da masu ciwon asma.

Wannan damuwa ta duniya ce duka. A shekarar 1950 robar da aka ƙera a duniya kimanin tan miliyan 2 ce. Yanzu ana ƙera fiye da tan miliyan 400 kowace shekara. Waɗansu masana a Amurka sun yi lissafi a 2017, suka ga cikin robar da aka zubar daga 1950 zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake sarrafawa. Kashi 12 aka ƙone. Sauran kashi 79 suna juji, ko suna yawo a ƙasa da ruwa.

Daga Ina Leda Ta Fito?

Kafin mu gane yadda leda za ta koma mai, sai mu san asalinta. Asalin leda mai ne. Akwai wani baƙin mai mai kauri a ƙarƙashin ƙasa, ana ce da shi ɗanyen mai. A Nijeriya an fara samunsa a garin Oloibiri a shekarar 1956. Ana haƙo shi a kai matata, kamar matatar Kaduna wadda aka buɗe a 1980. A can a ke dafa shi a rarraba: ga fetur, ga kananzir, ga man gas wanda waɗansu ke kira dizal, ga kwalta. Daga wani kashi na wannan mai, da iskar gas da ke fitowa tare da shi, a ke ƙera roba. A garin Eleme, kusa da Fatakwal, akwai masana'antar da ke yin ƙwayoyin roba, masu kama da tsabar shinkafa. Su a ke narkarwa a yi leda, da bokiti, da buta.

An gano irin robar da a ke yin leda da ita a Ingila a shekarar 1933. Jakar leda mai hannu kuwa wani injiniya ne na ƙasar Suwidin ya tsara ta, aka yi mata rajista a 1965. Kun ga ke nan leda baƙuwa ce a duniya, ba ta kai shekara ɗari ba.

Ku ɗauki misali da sarƙa. Sarƙa zobba ne ƙanana aka harɗa su. Kowane abu na mai yana da irin waɗannan zobba, amma ido ba ya ganinsu. In zobban kaɗan ne, kamar uku ko huɗu, abin iska ne, irin gas na girki. In sun kai kamar takwas, fetur ne. In sun kai goma sha biyar ko kusa da haka, man gas ne. In kuwa aka harɗa su dubu dubu, sai abin ya daskare ya zama roba. Saboda haka wanda ya iya tsintsinka doguwar sarƙa ta koma gajeru, ya mai da leda mai. Abin da ke tsinka ta shi ne zafi.

Yadda A Ke Yin Aikin

Akwai abu biyu da kuka riga kuka sani, su ne tushen wannan dabara.

Na ɗaya, yin gawayi. Mai gawayi ya kan jera itace, ya rufe da ƙasa, ya bar 'yar ƙofa. Don me ya ke rufewa? Domin in iska ta shiga da yawa, itacen zai ci da wuta ya zama toka. In an tare iska, zafi ya kan dafa itacen ya zama gawayi. Haka leda ta ke. In an cinna mata wuta a fili, sai hayaƙi da ƙauri. In an dafa ta cikin rufaffiyar tukunya inda iska ba ta shiga, ba ta kamawa da wuta, sai ta narke ta zama tururi.

Na biyu, marfin tukunya. In mace ta buɗe tukunya tana tafasa, ta kan ga ruwa ya taru a cikin marfin. Tururi ne ya taɓa wuri mai sanyi ya koma ruwa. Haka tururin leda ya ke komawa mai in an sanyaya shi.

Masana suna kiran wannan aiki fairolisis. Kalmar Girka ce, ma'anarta warwarewa da wuta. Ga yadda a ke bi da bi.

Da fari a tattara leda, a ware wadda ta dace. A karkaɗe ƙasa, a shanya ta bushe sarai, domin jiƙaƙƙiyar leda tana cin wuta a banza. Sa'an nan a yayyanka ta ƙanana.

Na biyu, a zuba ta cikin babbar tukunyar ƙarfe mai kauri, a ɗaure marfi da ƙusoshi yadda iska ba za ta shiga ba.

Na uku, a ba tukunyar zafi. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin zafi. Man suya ya kan kai kamar digiri 180. Wannan tukunya kuwa sai ta kai digiri 400 zuwa 500. Leda ta narke, ta tafasa, tururi ya tashi.

Na huɗu, tururin ya bi ta bututun ƙarfe wanda ya ratsa cikin ruwan sanyi. Nan ya ke komawa mai, ya ɗiga cikin tanki.

Na biyar, a sake dafa man a tace shi, a raba mai nauyi da marar nauyi, kamar yadda a ke yi a matata.

Abu uku ne ke fitowa daga tukunyar. Akwai mai. Akwai wata iska da ba ta komawa ruwa, tana kama wuta kamar gas na girki. A inji mai kyau a kan juya ta ƙarƙashin tukunyar ta taimaka wajen ba da zafi. Akwai kuma baƙin gari da ke saura a gindin tukunya. In leda mai tsabta ce, injin kuma nagari ne, kilo ɗaya ya kan ba da abin da ya kusa lita ɗaya. In ta haɗu da ƙasa da ruwa, abin da za a samu ya ragu ƙwarai.

Ba Kowace Roba Ba

Ku juya gindin jarka ko bokiti, sau da yawa za ku ga alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya, daga 1 zuwa 7. An fara sa waɗannan lambobi a Amurka a 1988. Ga inda karatunku zai yi muku rana.

Lamba 2 ita ce robar jarka. Lamba 4 ita ce leda mai laushi, irin ledar ruwan sha. Lamba 5 ita ce ta kujerun roba, da bokitai da yawa, da buhun taki. Lamba 6 ita ce farar roba marar nauyi mai kama da kumfa, wadda a ke zuba abinci. Waɗannan huɗu su ne ke ba da mai.

Lamba 1 ita ce gorar ruwa da gorar lemo. Ba ta ba da man kirki, kuma tana fitar da wani abu da ke toshe bututu. Gara a sayar da ita ga masu saye, a narkar a yi zare ko sabuwar gora.

Lamba 3 ita ce robar bututun famfo, da yawancin rigar wayar lantarki. Wannan kada a sa ta cikin tukunya ko kaɗan. In ta ji zafi tana fitar da iska mai ƙona hanci da huhu, mai cin ƙarfe, tana kuma ɓata man duka.

Inda Aka Gwada

A ƙasar Faransa wani mutum mai suna Christofer Costes ya ƙera inji ya sa masa suna Chrysalis. Yana dafa roba a digiri 450. Kimanin kashi 65 cikin 100 na abin da ke fitowa man gas ne, saura fetur, da iska, da baƙin gari. A shekarar 2020 aka kafa injin a wani ƙaramin gari mai suna Puget-Théniers, ana zuba man a motar kwasar shara. Watau shara ce ke tafiyar da motar shara.

A birnin Pune na ƙasar Indiya wata mata mai suna Medha Tadpatrikar ta kafa irin wannan aiki tare da abokin sana'arta. Suka riƙa bin gidaje suna karɓar leda, suna mai da ita mai, suna sayar wa mutanen ƙauyuka don risho. Abin lura a nan shi ne, matan gida ne ke ware ledar su ajiye ta da tsabta. Ba don su ba, da inji ya zauna ba aiki.

Akwai kuma inda wahala ce ta sa mutane yi. A garin Duma na ƙasar Siriya, lokacin da yaƙi ya rufe hanyoyi, da kuma a Gaza ta Falasɗinu, inda mai ya yi wuya, mutane sun riƙa dafa roba cikin durom don su sami abin zuba wa janareto da mota. Sun sami mai, amma suna aiki cikin baƙin hayaƙi, ba abin kare fuska, waɗansu sun ƙone. Larura ce ta sa su. Wanda ba ya cikin irin wannan hali kada ya kwaikwaye su.

Gargaɗi

Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya ran 29 ga Mayu 2023, mai ya yi tsada. Mai injin niƙa da mai injin ban ruwa sun ji a jikinsu. Saboda haka wani zai karanta wannan ya ce, bari in sami durom da bututu in gwada a bayan gida. Kada ka yi, ɗan'uwa. Ga dalilai.

Tururin leda yana kama wuta nan take. In durom yana da 'yar ɓula, ko an buɗe shi da sauran zafi, iska ta shiga, sai wuta ta tashi. In kuma man ya daskare cikin bututu ya toshe shi, tururi ya rasa mafita, sai durom ya fashe kamar bindiga. A garin da ke da dannin kara da rumbuna, wuta ɗaya ta isa ta cinye abincin shekara.

Man da ba a tace ba garwaye ya ke, da mai nauyi da marar nauyi. In an zuba shi a fitila ko risho, yana iya fashewa, kamar yadda kananzir mai haɗe da fetur ya sha ƙona mata da yara a ƙasar nan. In an zuba a inji, ya kan toshe shi, ya lalata shi. Da sanyin hunturu ma wani ya kan daskare kamar man kaɗanya. Kuɗin gyaran inji ya fi kuɗin man da aka yi tattali. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Baƙin garin da ke saura shi ma yana da datti mai cutarwa. Ba a zuba shi a gona, ba a zuba shi kusa da rijiya, ba a girki da shi.

Wannan aiki na wanda ya koya ne. Yana bukatar tukunya mai kauri, da ma'aunin zafi, da ƙofar da ke sakin tururi in ya yi yawa, da abin kashe gobara, da wuri nesa da gidaje, da izinin hukuma.

Iyakar Amfaninsa

Kada mu ɗauka an sami maganin leda gaba ɗaya. Injin yana da tsada, yana kuma cin wuta kafin ya ba da mai. Leda ba ta da nauyi. Sai an tara ledar ruwa ɗaruruwa kafin a cika kilo ɗaya. Ƙauye ɗaya ba zai iya ciyar da inji kullum ba, sai garuruwa da yawa sun haɗa. Masana'antu da dama a ƙasashen waje sun buɗe sun rufe, domin abin da su ke kashewa ya fi abin da su ke samu. Har wa yau, man da aka samu in an ƙone shi a inji hayaƙi ya ke bayarwa, kamar kowane mai.

Akwai waɗansu hanyoyi kuma. A ƙauyen Njau na ƙasar Gambiya, wata mata Isatou Ceesay ta tara mata a 1997, suna wanke leda suna saƙa jakunkuna suna sayarwa. A Madurai ta Indiya wani malami ya haɗa leda da kwalta aka shimfiɗa hanya a 2002. A Sabon Yelwa kusa da Kaduna an gina gida da gorunan roba cike da yashi a 2011. Waɗansu ƙasashe kuwa doka suka kafa ta hana leda: Ruwanda a 2008, Jamhuriyar Nijar a 2014, Kenya a 2017. Jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci a Janairu 2024. Sun ga rigakafi ya fi magani.

Abin Da Za Mu Iya Yi A Garinmu

Inji ba a hannunmu ya ke ba, amma rabin aikin a hannunmu ya ke.

In za ka kasuwa, ɗauki kwando ko jaka. In za a sayo koko ko ƙosai, a ba yaro kwano. Ledar da ba ta shigo gida ba, ba sai an nemi yadda za a yi da ita ba.

Kowane gida ya rataye buhu ɗaya don leda kaɗai, inda akuya ba ta kaiwa. Kada a haɗa ta da toka da sauran abinci. Ta haka takin juji zai tafi gona da tsabta, ledar kuma ta yi daraja.

Uwargida ta daina hura wuta da leda. A tanadi kara da ƙirare a wuri busasshe tun kafin ruwa ya sauka.

Kafin damina, mai unguwa ya kira gayya a yashe kwata da lambatu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan aji su duba lambobin da ke gindin roba, su koya wa na gida. A ware gora dabam, jarka da bokiti dabam, leda dabam. 'Yan jari bola suna sayen roba da awo, wanda ya ware tasa ya fi samun ciniki.

In leda ta taru, dagaci da 'yan ƙungiyar gama kai su kai magana ga hakimi da ƙaramar hukuma, a nemi mai saye ko masana'antar da ke karɓa. In wata rana wani ya zo zai kafa injin mai a ƙasarku, ku tambaye shi: Wace irin roba za ka dafa? Ina hayaƙin zai tafi? Ina za ka zuba baƙin garin? Wa ya gwada man ya ce yana da kyau? Ina takardar izininka? Mai gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kowane gida ya kama, dabbobinmu za su tsira, gonakinmu su yi kyau, yaranmu su huta da sauro. Allah ya ba mu ikon aiki da abin da muka karanta, amin.

Tambayoyi

1. Daga me a ke ƙera leda?
2. Don me a ke rufe tukunya sa'ad da a ke dafa leda?
3. Waɗanne lambobi huɗu ne ke ba da mai? Wace lamba ce ba a sawa cikin tukunya?
4. Faɗi dalili biyu da ya sa ba a gwada wannan aiki a bayan gida.
5. In gida ɗaya ya tara kilo 2 na leda a wata, gida 50 kilo nawa za su tara a wata 6?
6. Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga dagacinku, ka roƙi a sa ranar gayyar yashe kwata.